Mai Kamfanin Tumatir a Ɗaurin Auren Argungu

Ko me zan manta a duniya, ba zan taɓa mantawa da ɗaurin auren ƙanena a Argungu ba. Har yau in na ji muryar maroƙi a lasifika sai gabana ya faɗi, in fara duba ta inda zan sulale.

Ni ma'aikacin gwamnati ne a Birnin Kebbi, irin waɗanda albashi ke yi wa sallama tun wata bai raba ba. Abokin aikina Yohanna, mutumin Filato da ya fi ni iya Hausar Kabi, shi ya saka ni cikin wani zauren waya na wani dillalin hannun jari da ke Legas. Mutumin akwai baki. Kullum da safe sai ya turo murya, wai akwai wani kamfanin tumatirin gwangwani da Turawa ke shirin saye, duk wanda ya sayi hannun jarinsa yanzu ya haye. Sharaɗinsa ɗaya, kada kowa ya sayar sai ya ba da izini. (Ban taɓa tambayar kaina dalilin da zai sa mutumin da bai san ni ba ya so ni da arziki haka ba.)

Na zuba ɗan abin da na tara, farashi kuwa ya kama hawa. Nan fa kaina ya kumbura. Na koma yawo da waya a hannu ina nuna wa mutane koren layi yana miƙewa, ina bayani kamar a kasuwar aka haife ni. 'Yan uwa da yawa suka bi ni. Har Kawu Garba, ƙanen mahaifiyata da ya riƙe ni tun ina ƙarami, sai da na zaunar da shi na cika masa kunne, ya sayar da shanun huɗarsa ya ba ni kuɗin in saya masa. Ya ce shi bai gane komai ba, amma tunda daga bakina ya fito ya yarda.

Ranar ɗaurin auren, wata Juma'a, na sha babbar riga mai sitaci. Kafin a shiga masallaci na ja maroƙin gidanmu gefe. A al'ada shi ya san asalin kowa, shi ke zaɓar kirarin da zai yi maka, ni kuwa na san nawa ba zai wuce jikan masunta ba. Sai na cusa masa kuɗi, na tsara masa abin da zai faɗa: ya shaida wa jama'a cewa kamfanin tumatir nawa ne, kuma ni da babban dillalin nan na Legas a kwano ɗaya muke ci. (Ko fuskar mutumin ban taɓa gani ba.) Na kashe waya na shiga sallah.

Ana shafa fatiha maroƙi ya buɗe murya. "Ga mai kamfani! Ga aminin dillalin Legas, ba a sayarwa sai da saninka!" Na dinga ɗaga hannu ina murmushi irin na manya. Na lura wasu sun sunkuyar da kai kan wayoyinsu suna ɗagowa suna kallona, sai na ɗauka farashin ne ya ƙara tashi, na ƙara gyara hula.

Yohanna ne ya kutso ya ja ni ta hannun riga, ya sa min wayarsa a fuska. An kama dillalin. Ashe shi da abokansa suka kwashi hannun jarin tun yana arha, suka riƙa saye da sayarwa a tsakaninsu don farashi ya tashi, suka ƙirƙiro labarin Turawa. Mu da aka hana sayarwa muna riƙe, su suka zubar da nasu gaba ɗaya, farashi ya rufto, hukuma ta dakatar da cinikin. Ina karantawa, maroƙi na bayana yana rantsuwa cewa dillalin ba ya yanke shawara sai ya kira ni.

Sai ga Kawu Garba. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga, da ya fi min sauƙi.

"Ɗana, ashe da saninka anka ci shanuna?"

Wallahi asarar kuɗin ba ta yi min ciwon wannan tambaya ba. Na hau rantse-rantse cewa ni ma cutata aka yi, ban san mutumin ba. Kawu ya nuna maroƙi da haɓa.

"To wanga bawan Allah, wa ya hwaɗa mai?"

Babu yadda na iya, na je na roƙi maroƙi ya warware abin da ya ɗaura. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce yabo da kuɗinsa, janye yabo ma da kuɗinsa, kuma ya fi tsada don sana'arsa zai zubar wa mutunci. Aljihuna ba komai, sai Yohanna ya ranta min. Maroƙi ya gyara murya, ya fuskanci jama'a:

"Jama'a, a yi haƙuri, gyara ta! Ba shi da kamfani, ko gwangwani guda bai mallaka ba! Ɗan albashi na, shi ma wanke shi anka yi! Shi da bakinai ya ce in hwaɗi!"

Wurin ya kece da dariya, har ango sai da ya rufe fuska da hannun riga. Ni kuwa ina tsaye cikin sitacina. Kawu ya yi dariya har da hawaye, sannan ya dafa kafaɗata ya ce yanzu ya yarda da ni, don ɓarawo ba zai biya a yi masa wannan tonon asiri ba, sai dai wawa. Ban taɓa jin daɗin a kira ni wawa ba sai ranar.

Shanun Kawu ina nan ina biya daga albashi. Abin da na koya kuwa shi ne, ni da dillalin sana'a ɗaya muka yi, kowa ya kumbura abin da babu komai cikinsa. Shi dai ya ci riba kafin a kama shi, ni kuwa da kuɗina na sayi tawa ƙaryar, na kuma ci bashi na sayi kunyar.