Ranar da Surukina Ya Same Ni a Bayan Gida

Ba zan taɓa mantawa ba da zuwan surukina gidana a Birnin Kebbi, zamanin muna ƙarƙashin Sakkwato. Tsohon manomin shinkafa ne a Argungu, kuma tun da na auri ɗiyarsa bai ɗauke ni wani abu ba. A wurinsa dillalin albasa irina ɗan zaman tasha ne kawai. Ciwon gwiwa ya kawo shi asibiti, zai kwana biyu a wurinmu. Na ƙudurta sai ya koma da labarina mai kyau.

Tunda ba ya iya tsugunno, na sa kafinta ya ƙara wa masai mai kujera tudu da katako. Amma ruwan rijiya ya riga ya bar masa tsatsa. Uwargida ta tafi ɗauko tsohon, ni kuma ba na ba wa wani aikin da mutuncina ke ciki.

Na tuɓe riga, na ɗaura tsohon zanenta (kada ku tambaye ni dalili, wandona sabo ne). Na goge da toka da soson kwakwa, tsatsar ba ta fita ba. Na jiƙa kanwa na zuba, na matse lemun tsami a kai. Sai ga kumfa tana tasowa tana ƙara. Na ce ko ni ko tsatsar nan.

Ina durƙushe, kaina cikin masai, na ji motar Argungu ta tsaya. Sun yi sammako. Kafin in yi dabara, sai ƙarar sanda da buta suka nufo ni. Tsohon ya tsaya bakin ƙofa ya yi gyaran murya, kamar yadda kowa ke yi.

Abin da ya kamata, in mayar masa da gyaran murya. Amma kunyar suruki ta kama ni, na yi tsit, wai ko zai koma. (Mutumin da ya sha ruwa tun daga Argungu, ina zai koma?)

Ya turo ƙofa.

Gaisuwa ta wajaba, ga shi ba a gaisuwa a bayan gida. Na riga na durƙusa, don haka rabin aikin ya yi. Ya dube ni, ya dubi zanen ɗiyarsa, ya dubi kumfar da ke bin gwiwar hannuna. Ya ja ƙofa a hankali. Na ji shi a tsakar gida yana ce mata, “Ke, hwaɗa ma mijinki ya gama a natse. Ina iya jira.”

Da zai koma gida ya sa mini albarka, karo na farko. Sai dai har ya rasu, in ana zancen surukai a Argungu, yakan ce nasa ya fi kowa iya wanke masai, kuma zane yana yi masa kyau.

Yanzu ko tari aka yi kusa da bayan gida, amsawa nake yi da ƙarfi.