Bokitin Kakata

Ina shiga aji na ga shuɗin bokiti an tara inda rufi ke yoyo. Malamin Turanci ya nuna shi, ya tambayi asalin sunan.

Ni da ban taɓa ɗaga hannu ba, na miƙe. "Turawa ne suka ara a wurinmu, Malam. Kakata a Kachia ba ta jin Turanci, amma bokiti take cewa."

Malam ya cire tabarau ya share hawayen dariya. Ya buɗe ƙamus. Na ce, "Ai su suka rubuta shi."

Har yau Bokiti ake kirana a Kafanchan, kuma ban janye ba. Na dai roƙi ƙawata Rifkatu, "In za ki kira, sa Farfesa a gaba."