Ranar da Na Kare Bangon Maigidana

Ba zan taɓa mantawa ba da abin da na yi wa wani likita a Sabha ta ƙasar Libiya, shekarun da 'yan ƙasarmu suka cika unguwar Gurda suna aikin gini. Maigidana, Baban Rabi, magini ne daga Damagaram. Ni kuwa sai da na haura arba'in na shiga makaranta, na koyi karatu da ɗan Larabcin littafi, kaina ya yi girma (ko kwalin magani na gani sai na karanta wa maƙwabta, ko ba su tambaya ba).

Ƙishirwa da kasala suka dami Baban Rabi, ga shayi kofi shida a wuni, sukari kamar zai tsaya da cokali. Da ƙyar na ja shi wata ƙaramar asibiti, wadda shi ya gina mata katanga watan da ya wuce. Likitan Ba'indiye ne, Larabcinsa a karye. Aka ɗebi jini, bayan kwana biyu muka koma, ya shafa masa wani mai a wuya yana goga na'ura. Na ce ni ce tafinta.

Likita ya girgiza kai ya ce "jidar". Na san wannan, bango ke nan! Ya ce ya yi kauri, akwai kumburi, hanya ta fara matsewa.

Raina ya ɓaci. Na miƙe na ɗaure gyale a ƙugu.

"Likita, ka ji tsoron Allah! Kaurin bango ai shi ne kyansa. Shekara ashirin yana gini, nasa bai taɓa kumbura ba. In hanya ta matse, ku kuka auna ta! Malam, tashi mu tafi."

Na finciko Baban Rabi, man wuyan yana zuba masa a riga. Yana ta cewa, "Ke, dakata mana," ban ji ba.

A ƙofa wata nas ta tare mu, 'yar garin ce amma kakarta Bahaushiya. Tana dariya har da hawaye.

"Hajiya, bango na wuya! Jijiya na jini. Sukari ya fara hawa, jijiya ya yi kauri. Katanga lafiya lau."

Na rasa inda zan sa fuskata. Likitan, bawan Allah, ya nuna nasa wuyan ya ce shi ma haka yake, mutanen ƙasarsu da yawa suna fama da shi tun sukarin bai zama ciwo ba. Na Baban Rabi an gano da wuri, in ya rage zaƙi ya sha magani, za a iya tare shi.

A motar haya Baban Rabi ya ce, "Yau na san ina da lauya." Na ce lauyan ce kuma za ta riƙe gwangwanin sukari.

Ya rage, alhamdu lillahi. Ni ma na rage: yanzu sai mutum ya kai ƙarshen maganarsa nake masa faɗa.