Muhimmai Sun Dawo, Sakamakon Nafisat Bai Dawo Ba

Jama'a, duk ranar da kuka ji an kafa rumfa an yanka rago saboda kwamfuta, to ku fara salati, wani abu na shirin lalacewa.

'Yata Nafisat ta gama kwas a wata cibiyar horas da matasa da ba zan kama sunanta ba. Wani asibitin kuɗi a nan Kazaure ya ce zai ɗauke ta aiki, ta dai kawo takardar sakamako kafin ƙarshen wata. Shi ne jiya na sa hulata ta Juma'a, na hau acaɓa na je karɓo mata.

Na tarar da shugaban cibiyar, Mai Girma Sarkin Danna Maɓalli, a kan kujera mai juyawa, fanka na yi masa hidima.

Na ce, "Ranka ya daɗe, sakamakon yarinya na zo karɓa."

Ya ce, "Baba, ai kwamfutar ta mutu."

Na nuna masa ita a kan tebur, fitilarta na ƙyaftawa. Ya yi mini murmushin da ake yi wa wanda bai wuce firamare ba.

"Ba wannan ba, Baba. Akwai wata a cikinta, marar jiki. Ita ke riƙe da sakamakon, ita ce ta mutu."

To, ni a iya sanina aljani ne kawai ke shiga cikin wani ya zauna. Amma sai na tuna bara wannan bawan Allah ya tara mu iyaye, ya ce sun sayo manhajar ajiya: ko gini ya ƙone, danna ɗaya za a yi komai ya dawo, har marar jikin. Mun yi tafi, manya sun ci nama.

Na ce, "Allah ya ja zamaninka, ai sai a danna."

Ya kira Barnabas, wanda suka yi haya ya haɗa musu manhajar. Barnabas ya danna, muka zuba ido. Sai ga hotunan manyan da suka halarci taron bara suna fitowa: Garkuwan Yanke Zare da almakashi a hannu, Ciroman Jawabi da cinyar rago, shi kansa Sarkin Danna Maɓalli yana dariya har da haƙorin Makka.

Barnabas ya ce, "Oga, ranar da nake saitawa na tambaye ka me za a ajiye, ka ce muhimmai kawai, wuri ya yi kaɗan."

"E mana! Su waye muhimmai idan ba waɗannan ba?"

"To ita kwamfutar ta ciki fa?"

"Abin da ba a gani, wa ya ce yana buƙatar ajiya?"

Ashe shekara guda manhajar tana aikinta tsakani da Allah, kullum tana kwafe cinyar rago. Kuma ba wanda ya taɓa gwada maido da ko abu ɗaya, ya ga me aka ajiye. Dole a yaba musu: ko hula ɗaya ba ta ɓata ba.

Da na ba maƙwabcina Ashiru, wanda ke fataucin hatsi a Baɓura, labari, sai ya ce, "Yaya, ni ko buhun gero na ba mutum ajiya, nakan je in soka hannu in ji ko geron ne."

Na ce, "Kai ba ka yi boko ba ne, shi ya sa."

Na shiga gida, Nafisat ta tare ni a zaure. "Baba, an samu?"

Na ce mata an kafa kwamiti. Gaskiya ce kuwa, an kafa, kuma na ji har sun ɗauki hoto.

Zuwa yanzu dai ba wanda ya san ko marar jikin za ta tashi, ba wanda ya san inda takardun jarrabawar suke, kuma ba mu sani ba ko asibitin zai jira Nafisat.