Yadda Ake Ƙwato Laffayar Suruka Daga Hannun Jaririya

Zauna, 'yata, ki buɗe kunne. In jaririyarki ba ta barci sai an naɗe ta tamau kamar alala a ganye, ga hanyar raba ta da naɗin cikin kwana biyar. Ba ta taɓa ƙin ci ba. Sau ɗaya aka gwada ta, a gidan maƙwabciyata Lauratu a nan Yerwa, wato Maiduguri, kuma har yau kowa na gidan yana raye.

Ranar suna ne surukarta, Ya Zainaba, ta buɗe akwati ta ciro laffayar da ta shekara talatin tana shan humra da turaren wuta, ta naɗe jikarta Khairat a ciki. Tun ranar yarinya ba ta runtsawa sai a cikinta. Ga shi an yi wata huɗu, ta fara juyawa rub da ciki, Sista Phebe ta asibiti ta ce naɗi ya zama haɗari, a daina. Sai kuma ga saƙo daga Konduga: Ya Zainaba na tafe ranar Asabar, da laffayar za ta shiga bikin 'yar ƙanwarta.

1. Ki nemi shawarar jaririyar

Lauratu ta ɗora ta a cinya ta yi mata bayani da Hausa. Mijinta Ajimi ya maimaita da Kanuri, don kada ta ce ba ta gane ba. Khairat ta saurare su tsaf, sannan ta cusa gefen laffayar a baki. Kada wannan ya karya miki gwiwa. Jariri yana jin kowane yare, amsawa ce ba ta kama shi dole ba.

2. Ki saki hannu ɗaya

Da barcin rana za ki fara. Hannun da Lauratu ta saki ya tashi, ya zaga duniya, ya dawo ya mari mai shi. Khairat ta farka ta kafe ubanta da ido, alamar ta san wanda ya yi. Washegari aka saki na biyu, mari ya zama biyu. Ajimi, da ke dawowa cin abincin rana kullum, ya tuna ashe shagonsa ba ya son a bar shi.

3. Ki yi musanye

Zanen goyo, tawul, mayafin aure, har babbar rigar Sallar Ajimi. Kowanne Khairat ta shinshina sau ɗaya ta buɗe maƙogwaro, har mai kantin bakin layi ya leƙo yana tambaya ko kaciya ake yi.

4. Ki wanke laffayar

A'a, tsaya, kada ki wanke. Na sa shi a jeri ne saboda Lauratu ta yi.

Ranar Alhamis ta ɗaga laffayar a haske, ta ga tumbuɗin wata huɗu, kunya ta rufe ta. A gidansu na Kanawa ba a mayar da aro da dauɗa. Ta jiƙa ta da garin sabulu, ta cuɗa, ta ɗauraye sau uku, ta miƙa wa ranar Maiduguri. Ba wanda ya taɓa gaya mata cewa irin wannan a inuwa ake shanya ta a ƙara mata turare. Ta fito tas, ba ƙamshin komai sai na sabulu.

Khairat ta shinshina, ta ƙi ta. Kin ga an rabu da naɗi ke nan, kamar yadda na yi alkawari. Matsalar kawai, an rabu da barcin ma.

5. Ki durƙusa

Asabar da azahar keke napep ya sauke Ya Zainaba a ƙofa. Lauratu, ido jajir, ta miƙa laffayar a goge da hannu biyu. Ya Zainaba ta kai ta hanci. Ta daɗe a haka.

"'Yar nan," ta ce a hankali, "shekara talatin kika zubar a rariya."

Lauratu ta nemi ƙasa ta tsage ta shige, ƙasa ta ƙi. Khairat kuwa tsala ihu take, sai tsohuwa ta ce a miƙo mata ƙawar tata. Yarinya ta tura hanci a wuyanta, ta ja ajiyar zuciya biyu, ta baje hannuwa, barci ya yi gaba da ita.

"Au," in ji Ya Zainaba, "ashe ba ƙyallen take bi ba. Ni take bi."

Ta yi dariya ba sauti har haƙorin Makka ya fito. Biki kuwa, ta aika a ce gwiwa ta matsa mata.

6. Ki turara rigar barci

A tsakar gida, nesa da yarinyar: kasko, garwashi, kwando a kife, riguna a kai. In hayaƙi ya huce ki sa mata, ki kwantar da ita rigingine, hannuwa a sake. Khairat barci take kamar an biya ta. Sai dai Ya Zainaba kaɗai ta san haɗin turaren, kuma duk ranar da Lauratu ta tambaya sai kunnenta ya yi nauyi.

Gargaɗi: ni jaririya na ce zan raba da naɗi, na kuma raba. In surukarki ta zo turara riguna na kwana biyu, wata uku suka wuce akwatinta yana nan a ƙarƙashin gadonki, kada ki aiko gidana. Ba na nan, na tafi Khaddamari.