Shuɗi Mai Tururi

"Ni da kike gani, launi a jinina yake. Ko ido rufe aka miƙo min fenti, da ƙanshi zan faɗi sunansa."

Haka Na-Iya ya shaida wa shugabar makaranta ranar da ya je neman aikin koyar da zane. Alhali kai da ka san shi, ka san iyakar fasaharsa shafe ƙofar shago, ita ma sai ya haɗa har da kwaɗon. Shugaba ta ce gwaji ɗaya ne: gobe ya koya wa 'yan aji uku launuka masu zafi da masu sanyi. In ya yi kyau, aiki nasa ne.

Ya tambaya? Ina, girman kai ya hana. Da sassafe gogan ya shige ofishin malamai, ya cusa gwangwanin jan fenti a gidan ƙanƙara na firiji. Da lokacin darasi ya matso, ya juye shuɗi a butar shayin malamai ya jona wuta. Sannan ya shigo aji yana taku ɗai-ɗai, buta na tururi a hannu ɗaya, gwangwanin jan a ɗayan, shugaba na zaune a baya da biro.

"Yara, ga launi mai zafi: shuɗi."

Wata 'yar gaban aji ta ɗaga hannu, ta ce su dai an ce musu ja da rawaya ne masu zafi don suna tuna wuta da rana, shuɗi da kore kuwa masu sanyi ne, kamar ruwa da inuwa.

"Tsohon ilimi ke nan. Ni nawa taɓawa ake yi."

Ya tsoma yatsa a butar don ya nuna musu. Tsallen da ya daka, har allo sai da ya girgiza. Ya wayance ya juya ga jan, ya soka burushi, ashe fenti ya daskare ya zama dutse, burushi ya karye biyu. Ana cikin haka sai ga malamin lissafi a bakin ƙofa, yana cigiyar wanda ya ɗauke musu buta.

Shugaba ta rufe bironta. Na-Iya ya tsaya da yatsa a baki, leɓe shuɗi, ya san aiki ya tafi. Yarinyar nan ta sake ɗaga hannu, ita da gaske take.

"Malama, idonsa ya yi ja, amma jikinsa ya yi sanyi. Shi a wane ɓangare za mu rubuta shi?"