Yadda Za Ka Ceci Shagonka Da Kunnen Babban Mutum

Idan ka bi abin da zan shimfiɗa maka a nan, na yi maka alkawari katafila za ta zo har ƙofar shagonka, ta gaishe ka, ta juya. Ba sai kana da uba a gwamnati ba. Kunne ɗaya kake buƙata, shi ma ba naka ba.

Shaidata Tartsatsi ne, mai walda a bakin titi. Wata safiya ya zo buɗe shago ya tarar an shafa wa ƙofarsa jan fenti, wai za a faɗaɗa titi. Titin nan tun daga nesa yake tahowa yana kauce wa gidajen manya, ya lanƙwasa nan, ya rusuna can. Da ya iso kan Tartsatsi ne ya tuna ashe miƙaƙƙe aka zana shi.

Mataki na 1: Kada ka kai kuka ofis

Tartsatsi da wannan kuskuren ya fara. Ya wuni a kan benci har ƙafarsa ta yi tsami, sannan Mai Fenti, ma'aikacin da ya shafa wa ƙofarsa jan fentin, ya leƙo da goga a hannu.

"Malam, ni hannu ne kawai," in ji shi. "Je ka nemi kai."

A gida ma bai sami sauƙi ba. Matarsa ta dube shi ta dubi tsakar gida. "Maigida, in aka rushe shagon nan, kada ka ce a nan za ka riƙa walda. Igiyar shanyata ba ta san wuta ba."

Mataki na 2: Gane inda mulki yake kwana

Je taron manya ka zuba ido. Wanda ke zuba jawabi a lasifika ba shi da komai sai murya. Dubi wanda ya taho a sunkuye, ya kare bakinsa da tafin hannu, ya raɗa wa Babban Mutum magana a kunne. Nan take zaure zai yi tsit. Kafin ya miƙe, mutum uku sun tashi sun ba shi kujera. Masana sun daɗe da tabbatar da cewa duk hukuncin da ya taɓa canza rayuwar talaka ta kunnen hagu ya shiga.

Mataki na 3: Shiga irin ta masu labari mara daɗi

Nemi kaya masu sitaci, waya biyu, da takalmi mai ƙara. Tartsatsi wajen ƙanen matarsa ya ari takalmin, wato Falka, mai facin taya da ke tsallaken titi daidai saitin shagonsa.

"Yaya, neman aure za ka, in je in sanar da 'yar'uwata?" in ji Falka.

"Rufa mini baki, mai hura iska. In na zama mutum, kai zan fara mantawa."

Ran nan an taru ana buɗe wata gada wadda ba a riga an samo mata kogi ba. Tartsatsi ya ɗaure fuska, ya manna waya ɗaya a kunne, ya doshi rumfar manya da sauri. Mai gadi ya tare shi da ƙirji kamar ƙofar kurkuku.

Ka kula da nan. Kada ka yi roƙo, kada ka faɗi sunanka. Kalma biyu ce: "Yana jira." Mai gadin ya matsa, har da sara masa.

Mataki na 4: Raɗa, amma kada ka ce komai

Nan ne gwanintar take. Rusuna, kare baki, motsa leɓe. Kada ko harafi ya fita. In ka yi magana, ka zama mai roƙo, kuma akwai waɗanda aka ɗauka musamman don fitar da masu roƙo.

Babban Mutum ba zai ce "Wane ne kai?" ba, don bai sani ba ko yaron wanda ya fi shi ne. Ba zai ce "Ban ji ba" a gaban masu ɗaukar hoto ba, don gobe 'yan adawa za su ce ya tsufa. Hanya ɗaya ta rage masa.

Tartsatsi na motsa leɓe, zufa na bin bayansa, ƙamshin turaren mutumin na neman kayar da shi. Babban Mutum ya lumshe ido kamar mai auna makomar ƙasa, ya gyaɗa kai. Sau biyu ma.

Mataki na 5: Bar gyaɗa kai ta yi aikinta

Kada ka yi bayani. Wanda ya tambaye ka me kuka tattauna, dubi sama ka ce, "A bar maganar tukuna."

Gari na wayewa sai ga Mai Fenti da gwangwanin farin fenti, yana shafe jan yana ba da haƙuri.

"Ranka ya daɗe, ai da ka faɗa mini. Kuskuren ma'auni ne."

Sai dai titi dole ya bi ta wani wuri. Ya yi tsalle ya tsallaka, jan fentin ya sauka a ƙofar Falka.

Mataki na 6: Ka zama kunne

Yanzu kai ma babba ne. Kafin mako ya zagayo, layi ya kama daga ƙofar shagon har bayan masu sayar da katako. Mai neman wa ɗansa aiki, mai neman a matsar da bola, har da wani malamin jami'a da ke son a canza sunan wata tauraruwa. Kowa ya rusuna ya raɗa, Tartsatsi ya lumshe ido ya gyaɗa kai, da baƙin gilashin walda a goshi. Abin mamaki, rabin buƙatun sai su biya da kansu, don masu ofis ba sa son a ji cewa sun ƙi abin da aka gyaɗa wa kai.

Mataki na 7: Kada sirrin ya kwana a gida

Wannan matakin Tartsatsi ya tsallake. Matarsa ta tsare shi wajen cin abinci.

"Wai me ka faɗa wa mutumin nan? Shagon ƙanena fa za a rushe."

Daɗi ya kwashe shi, ya yi dariya har ya ƙware. "Wallahi ko uffan ban ce ba. Leɓe kawai na motsa."

"Au, haka ne?" in ji ta, ta ƙara masa ruwa.

Ranar da katafila ta iso, jama'a sun cika titi, Mai Fenti na tsaye da 'yan jarida. Sai ga Falka cikin kaya masu sitaci da takalminsa mai ƙara. Ya ratsa layi, ya rusuna a kunnen Tartsatsi, ya kare baki, ya motsa leɓe. Tartsatsi ya kasa kunne, bai ji komai ba sai warin roba. Nan ya gane sirri ya fita. Ya dubi kyamarori, ya dubi layin mutanen da suka yi imani da shi. In ya ce "Ban ji ba", girma ya zube. Wuyansa, da ya riga ya saba, ya yanke hukunci shi kaɗai.

Falka ya miƙe yana share ƙwalla.

"Jama'a, ku shaida. Yaya ya ce ba zai iya barci ba in aka rushe shagon ƙaramin mutum saboda shi. Ya ce a mayar da titi kan nasa."

Tafi ya ɓarke. Aka ɗaga Tartsatsi sama ana yi masa kirari, daga can saman kafaɗun mutane ya kalli katafila ta shiga shagonsa ta ƙofa ta fita ta baya. Daga bisani Babban Mutum da kansa ya rataya masa lambar yabo ta sadaukarwa. Wajen ratayawar ya matso da baki kusa da kunnensa, ya kare da hannu, ya motsa leɓe. Tartsatsi ya gyaɗa kai.

A tsakar gida yake walda yanzu. An matsar da igiyar shanya, amma ba a daina yi masa gori ba.

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ba shi da hannu a duk abin da zai sami shagonka, wuyanka ko zumuncinka da dangin matarka. Wanda aka cafke a rumfar manya, ban san shi ba, ban taɓa ganinsa ba. Mai ƙorafi kuma ƙofata a buɗe take: ya zo ya raɗa mini a kunne, zan gyaɗa masa kai.